Kada A Cika Wa 'Yar Tanka Gishiri

Akwai wata sana'ar hannu da ta yi ƙarfi a ƙasashen Turai da Amurka da Japan, wadda in aka ba waɗansu daga cikin masu karatunmu labarinta, watakila dariya za su yi. Magidanci ne da gemunsa, ko malamin makaranta, ko akawu, in ya taso daga aiki sai ya zauna gaban tebur ya buɗe kwali, ya fito da 'yan gutsattsarin roba barkatai, ya yi ta liƙa su da gam har su zama 'yar ƙaramar tankar yaƙi wadda ba ta fi tafin hannu da yawa ba. Sa'an nan ya share makonni yana shafa mata fenti. Mu dai ba mu ga abin dariya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya dubi yaro yana fere karan dawa yana ƙera mota, har da fitila da lamba, ya san sha'awar kwaikwayon babban abu a ƙaramar siffa ba ta mutanen ƙasa guda ba ce.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen yau shi ne wata gardama da ke tsakanin masu wannan sana'a, wadda muka ga ta shafi duk mai kwafe takarda a ofis da duk mai tsayawa gaban allo. Gardamar ita ce, mai kwaikwayon abin da ya faru, ina iyakar gishirin da ya kamata ya ƙara?

Bari mu fara da awo. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne 1 bisa 35, watau kowane inci guda a jikin 'yar tanka yana madadin inci 35 a jikin ta ainihi. Tankar Rasha da a ke kira T-34, mai tsawon kusan mita 6, sai ta komo kamar santimita 17. Kamfanin Tamiya na Japan shi ya yaɗa wannan awo tun farkon shekarun 1960. Cikin dukan irin fentin da masu sana'ar ke gwada gwanintarsu a kai kuwa, babu mai wuya kamar farin ɓad-da-kama na lokacin sanyi. Ba za a gane dalili ba sai an san yadda farin nan ya samo asali.

Ran 22 ga Yuni 1941 Hitila ya auka wa Rasha. Tankokinsa duk fentin toka ne mai duhu, kusan baƙi. Manyan sojansa sun yi lissafin za su gama yaƙin kafin sanyi ya sauko, amma lissafin bai fita ba. A watan Oktoba ruwa ya mai da hanyoyi caɓi, a Nuwamba ƙasa ta daskare, dusar ƙanƙara ta soma lulluɓe fili, baƙar tanka ta zama kamar ƙuda a ƙwaryar nono, mai igwa na hangenta tun daga nesa. Cikin watan nan aka ba da umurni a raba wa rundunoni farin fenti mai wankuwa da ruwa. To, amma jiragen ƙasan da suka kasa kai mai da harsashi da rigunan sanyi isassu, ina za su kai fenti ga kowa? Sai sojoji suka shiga neman abin da hannu ya kai gare shi. Wani ya dama farar ƙasa a bokiti ya yaɓa da tsintsiya, wani ya shafa da tsumma, wani ya yi ta zana alli a jikin ƙarfe, wani ya rataya farin zane.

Rashawa su kuma tankokinsu kore ne, suka bi su da farin da a ke damawa da ruwa, ran 5 ga Disamba 1941 suka juyo kan Jamusawa a bakin birnin Mosko, cikin sanyin da ya kan wuce digiri 30 ƙasa da sifiri. Bayan shekara uku Amurkawa suka ɗanɗana irin wannan a dazuzzukan Arden na Baljiyam, inda Jamusawa suka far musu ran 16 ga Disamba 1944. Su ma farar ƙasa suka koma wa, har mutanen ƙauyuka suka ba su aron zannuwan gado don rufe mutane da motoci.

Ashe ke nan farin nan aikin gaggawa ne na mutanen da hannuwansu suka sandare, ba aikin mai fenti a masana'anta ba. Ba ya kuwa daɗewa. Kowa ya san yadda farar ƙasa ta kan koma a jikin bango bayan damina guda: ta zuba daga sama, ta yi zirin-zirin, ta goge inda a ke jingina. Haka ta ke a jikin tanka. Ta kan fara gogewa a bakin murfin da sojoji ke shiga da fita, da inda takalmansu ke takawa, da gefen ƙarfe masu kaifi. Bisa inji zafi ya kan narkar da ƙanƙara, ruwan ya wanke farin. Wajen salansa hayaƙi ya kan baƙanta shi. Daga ƙasa sarƙar ƙafa ta kan watso laka ta rufe shi. Galibi kuma a kan kewaye lamba da alamar runduna kada a rufe su, don kada naka ya harbe ka, ba a kuma shafe gilashin leƙe. In bazararsu ta zo a wanke abin da ya saura.

Ga yadda gwanaye ke kwaikwayon wannan. Da fari su kan shafa launin asali, toka ko kore, su bi shi da man kariya irin wanda kafinta ke shafa wa katako, su bari ya bushe sarai. Sa'an nan su fesa ruwan nan da mata ke fesa wa gashi don ya tsaya, sau ɗaya ko biyu, shara-shara. In ya sha iska su fesa farin fenti mai tsinkuwa da ruwa, shi ma shara-shara, yadda launin ƙasa zai riƙa leƙowa. Daga nan sai a jiƙa buroshi mai ɗan tauri a riƙa goga a hankali. Ruwa ya kan ratsa farin ya narkar da abin gashin da ke ƙarƙashinsa, farin ya ɓanɓare guntu-guntu kamar yadda na ainihi ya yi. Wannan dabara ta bazu ne a shekarun 2000. Akwai kuma wata da ta riga ta, ta yayyafa gishiri a kan jiƙaƙƙen jiki kafin a fesa fari, in ya bushe a kakkaɓe, ya bar ɗigo-ɗigo. Bayan haka a tsinka fentin mai, mai launin ƙasa, da tina, a ɗiga a lunguna da gindin ƙusoshi don su fito. A dama garin launi a yaɓa laka daga ƙasa. A goga bakin fensir inda ƙarfe ke gugar ƙarfe har ya yi ƙyalli. Aiki ne na mai haƙuri, wanda ya yi gaggawa sai ya sake daga farko.

To, a nan ne gardama ta taso. Laifi iri biyu mu ke gani. Na farko shi ne na mai fesa fari fat, sumul, ko'ina daidai, har tankar ta fito kamar angon da aka yi wa sabon ɗinki. Wannan laifin sabon shiga ne, ba shi da wuyar gyara. Na biyu shi ya fi damunmu, don na gwanaye ne. Tun zamanin François Verlinden, mutumin Baljiyam, wanda ya yaɗa dabarun fito da lunguna da gefuna a shekarun 1970 da 1980, har zuwa Miguel Jiménez, mutumin Sifen, wanda koyarwarsa ta game duniya a shekarun 2000, kayan tsufar da 'yar tanka sai ƙaruwa su ke yi. Mutanen nan sun yi wa sana'ar hidima babba. Amma da yawa cikin masu bin sawunsu, da ya ke sun sayi kwalabe goma, sai su ga lalle kowace kwalba sai ta taɓa jikin tankar. Ka ga tanka ta yi ja wur da tsatsa tun daga kai har ƙafa, fenti ya ɓanɓare har inda ƙafar mutum ba ta taɓa kaiwa ba, kai ka ce daga bola aka tono ta bayan shekara talatin, alhali kuwa an rubuta a gindinta wai tana fagen fama a Disamba 1941.

Wannan ba gaskiya ba ne. Tankokin Yaƙin Hitila da yawa ba su yi tsawon ran da za su ruɓe haka ba, cikin watanni a ke ƙone su ko su lalace. Fentin masana'anta yana da ƙarfi, na Jamus har da jan fenti na kariya a ƙarƙashinsa. Mutanen da ransu ya rataya ga tankar kuma ba su barinta ta lalace da gangan. Salansa ta kan yi tsatsa da sauri don zafi, haka ma sarƙar ajiya da ke rataye, amma kaurin jikin tankar da ke aiki kullum ba ya komawa kamar tsohuwar garwa.

Masu kare wannan hali suna da hujja, bai kuwa kamata mu ƙi jinta ba. Sun ce abin da aka rage sau 35 ido ba ya ganin inuwarsa da lungunansa sai an ɗan ƙarfafa su, kamar yadda malami ke ƙara girman baƙi a allo don na bayan aji su gani. Sun kuma ce sana'ar ta nishaɗi ce, kowa da kuɗinsa ya sayi kwalinsa, ya yi yadda ya ga dama. Ta farko mun yarda da ita. Miya ba ta daɗi sai da gishiri. Amma malamin da ya ƙara girman baƙi bai sake kalmar ba. A ƙarfafa inuwar da ke akwai abu ne daban, a ƙirƙiro tsatsar da babu ita abu ne daban. Ta biyu ma mun yarda da ita muddin abin yana cikin ɗakin mai shi. Ran da ya fito da ita bainar jama'a, ya manna mata takarda mai sunan runduna da wuri da shekara, ta tashi daga abin wasa ta zama shaida. Yaron da ya gan ta a wurin nuni ba zai je ya bincika ba, abin da ya gani shi zai ɗauka, don gani ya kori ji.

Saboda haka shawararmu ga duk mai wannan sana'a ita ce, kafin ya buɗe kwalbar fenti ya ajiye hoton ainihi a gabansa, na wuri da lokacin da ya ke nufi, duk tabon da zai yi kuma ya iya faɗin abin da ya jawo shi. Ya kula da shekara. Sai a Fabrairu 1943 Jamusawa suka bar fentin toka suka koma rawaya mai duhu, don haka rawaya ba ta leƙowa daga ƙarƙashin fari a bakin Mosko a 1941. Tankar Tiger ba ta shiga yaƙi ba sai 1942, Panther kuwa sai Yuli 1943 a Kursk. Wanda ya ajiye ɗayansu a ƙanƙarar 1941 daidai ya ke da akawun da ya sa kwanan wata na ƙarya a littafin haraji. Ya kuma yi hattara da hotunan da aka rina da kwamfuta a zamanin nan, don mai rinin ne ya zaɓi launin. Tankokin da ke gidajen tarihi kamar Bovington a Ingila da Kubinka kusa da Mosko suna da amfani ƙwarai wajen sanin siffa, amma galibinsu an sake musu fenti bayan yaƙi.

Wani zai ce, duk wannan hayaniya a kan 'yar roba? I, domin farin nan da aka yaɓa da tsintsiya yana ɗauke da labari. Shi ne shaidar shugabannin da girman kai ya sa suka tura samari ƙasar sanyi ba shiri, suna tsammanin nasara ta riga ta shiga aljihu. Cikin kowace T-34 ta farkon yaƙi mutum huɗu ne, cikin ta Jamus galibi biyar, kowa ɗan wani ne. Ƙasar Sobiyet kaɗai ta yi hasarar rai wajen miliyan 27. Yaƙin nan kuwa ba baƙonmu ba ne, shi ne ya kai kakanninmu dazuzzukan Bama, ko da ya ke su zafi da ruwa suka sha, ba ƙanƙara ba. Wanda ya mai da tankar Hitila tsaf-tsaf kamar dokin sallah ya ƙawata abin da bai cancanci ƙawa ba. Wanda ya cika mata tsatsa don alkalan gasa su yaba, shi kuma ya mai da wahalar mutane abin nuna gwaninta. Wanda ya tsaya kan abin da hoto ya nuna, shi ya ba mamatan haƙƙinsu.

Malaman makaranta, ga abin ɗauka ko babu kwalin Tamiya ko guda a garinku. Yaron da ke ƙera mota da kara ko gwangwani, a ce masa ya je tasha ya dubi ta ainihi, ya gano inda fentinta ya goge da dalilin gogewar, ya auna, ya raba, sa'an nan ya zo ya yi. Ya koyi lissafi, ya koyi lura, ya kuma koyi cewa mai kwafe ba shi da ikon ƙara abin da bai gani ba. In ya girma ya kama alƙalami a ofis, wannan na ukun shi zai fi yi wa jama'a amfani.