A kai ƴan makaranta gidan Umaru Ganda

A birnin Yamai, kusa da kasuwar Wadata, akwai wani babban gida na wasanni da al'adu. Mutanen gari suna ce da shi CCOG. A cikinsa akwai dandali a fili, babu rufi. Wuraren zama sun hau bisa bisa kamar matakala, don wanda yake baya ya hangi ƴan wasa. Akwai kuma ɗakin littattafai. A nan makaɗa da mawaƙa da ƴan wasan kwaikwayo suke nuna gwanintarsu.

Yara da yawa suna wucewa ta bakin ƙofar gidan, amma ba su taɓa shiga ba. Wannan asara ce. Ya kamata kowane ɗan makaranta ya shiga, ko sau ɗaya ne, kafin ya gama firamare.

Sunan gidan ma darasi ne. An haifi Umaru Ganda a Yamai a 1935. Tun yana saurayi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙi a Indoshin. Da ya dawo bai samu aiki ba, sai ya tafi Abijan yana dako a bakin teku. Can ya gamu da Jean Rouch, wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, wanda ya sa shi a cikin fim. Daga baya Ganda ya koma shirya nasa. A 1972 fim ɗinsa "Le Wazzou polygame" ya ci babbar kyautar bikin silima na FESPACO a Wagadugu. Ya rasu a 1981, aka sa wa gidan sunansa. Yaron da ya ji labarin nan a cikin gidan, ba zai manta da shi ba kamar yadda ake manta abin da aka kwafa daga allo.

Wasu iyaye suna cewa: ai wasa ne kawai, yaro ya zauna ya yi karatunsa. Amma wasan kwaikwayo ba shiririta ba ne. Yazi Dogo malamin makaranta ne kafin a san shi a wasa. Shi da abokansa na Damagaram sun yi ta wasa da Hausa a rediyo da talabijin. Mutane suna dariya har da hawaye, suna kuma ganin halin maƙaryaci da marowaci da mai cin hanci. Yaro mai kunya, wanda muryarsa ba ta fita a aji, zai ga mutum ya tsaya gaban taro yana magana sarai, har na can ƙarshe yana ji. Wannan ma karatu ne.

Wasu kuma suna cewa komai yana cikin salula yanzu. Salula tana nuna hoto, gaskiya ne. Amma ba ta sa yaro ya ji ƙarar ganga a ƙirjinsa. Ba ta nuna masa yadda makaɗi yake matsa kalangu a hammata don muryarsa ta sake. Kuma kiɗan da ba a zuwa kallo yakan mutu. Biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya 5 na masuntan Buduma a tafkin Cadi, ya kusa ɓacewa. Malam Mamman Barka ne ya je ya koya wurin tsohon da ya rage da iya shi, ya kai shi dandali a Nijar da ƙasashen waje. Ya rasu a 2018. Waɗanda za su ɗauki irin wannan kiɗa nan gaba, yau suna zaune a benci a aji.

Akwai ƙorafin iyaye da yake da hujja. Yawancin wasanni da dare ake yi, ga kuɗin shiga, ga kuɗin mota. Ba a sakin yaro shi kaɗai cikin dare. To, sai shugaban makaranta ya je ya yi magana da masu gidan, a shirya wa yara wasa da rana, a rage musu kuɗi. Malami ya raka su, su tafi a jere. Washegari su ba da labarin abin da suka gani, da Hausa, sannan da Faransanci.

Yaran da suke nesa da Yamai ba a bar su a baya ba. A Maraɗi da Tawa da Damagaram akwai gidan matasa da al'adu, mai dandalinsa. Su fara da wanda yake garinsu.