Pillars da Barau FC: Shin sauya koci ne maganin ƙwallon Kano?

Duk wanda ya saba zama a gidajen kallon ƙwallo na Na'ibawa, ko a majalisun da ke bakin 'Yan Katako da 'Yan Lemo, ya san yadda hira take kasancewa a ranar da aka ci Kano Pillars. Kafin a gama sallar magariba an yanke hukunci: a kori koci. Idan aka kawo sabo ya ci wasa biyu a jere, sai a ce an samu mai ceto. Idan ya yi canjaras a gida, sai a koma gidan jiya.

A watan Oktoban 2025 an sake ganin haka. Pillars ta fara kakar wasa da tangal-tangal, aka dakatar da Evans Ogenyi, aka dawo da Mohammed Baba Ganaru. A watan ne kuma aka yi rikici a filin wasa na Sani Abacha bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, inda wasu 'yan kallo suka far wa alƙalan wasa. Hukumar gasar ta kwashe wa ƙungiyar maki uku, ta ci ta tara, ta kuma mayar da wasanninta na gida zuwa Katsina.

Duk wannan ya faru ne a kakar da Kano ta samu ƙungiya ta biyu a gasar Firimiya ta Nijeriya, wato Barau FC, mallakin Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin. Tambayar da ta kamata a yi ita ce: me zai raba tsakanin ƙungiyoyin biyu nan da shekara biyar? Tarihin Pillars kansa ya nuna cewa ba sunan koci ba ne. Hanyar samo 'yan wasa ce.

Kofi huɗu, koci uku

Pillars ta ci gasar Nijeriya sau huɗu: 2008, 2012, 2013 da 2014. Kadiri Ikhana ne ya ci na farko, Baba Ganaru ya ci biyu, Okey Emordi ya ci na ƙarshe. A 2009, lokacin da ƙungiyar ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kuma kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar Zakarun Afirka, wani Bature ne ɗan Sulobeniya, Ivo Sajh, yake jan ragamarta.

Ke nan ko a zamanin da ake tsoron Sai Masu Gida, kujerar koci ba ta daɗewa a hannun mutum ɗaya. Abin da bai sauya ba shi ne ginshiƙin 'yan wasa. Rabi'u Ali Pele, Gambo Mohammed da mai tsaron raga Theophilus Afelokhai sun shafe shekaru suna taka leda tare, ga matasa irin su Shehu Abdullahi suna tasowa a gefensu. Duk kocin da ya zo, ginanniyar ƙungiya yake tararwa. Shi ya sa Pillars ta yi fiye da shekara goma ba a doke ta a gida a gasar ba, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagonta.

Kwatanta wannan da abin da ya biyo bayan kofin Aiteo na 2019, wanda Ibrahim Musa Jugunu ya ciyo a Kaduna. An kawo Lionel Soccoia ɗan Faransa, an kawo Salisu Yusuf. A 2022 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu tare da Katsina United, Heartland da MFM, bayan an kwashe mata maki saboda rikici. Ogenyi ya dawo da ita a 2023, sai aka ba Abdu Maikaba, sai Usman Abdallah, sai Ogenyi ya sake dawowa, sai Baba Ganaru.

Babu wanda zai ce waɗannan mutane ba su san aiki ba. Maikaba ya ci kofin Aiteo da Akwa United a 2017. Usman Abdallah ya ci gasar Firimiya da Enyimba a 2019. Idan ƙwararru irin waɗannan suna zuwa suna tafiya ba a ga canji mai ɗorewa ba, to an bar jaki ana dukan taiki.

Ƙwallon da masana'antu suka raina

Don a gane inda matsalar take, sai an waiwayi asalin ita kanta Pillars. An kafa ta a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA, ta hukumar ayyukan ruwa ta jiha, da Bank of the North, da Kano Golden Stars. Biyu daga cikinsu ƙungiyoyin ma'aikata ne. Kafin nan kuma akwai Raccah Rovers, wadda ta ɗauki sunan wani gidan kasuwanci na Kano, ta kuma ci gasar Nijeriya a 1978.

Haka tsarin yake a faɗin ƙasa. Kamfanin simintin Gboko yana da BCC Lions, wadda ta ciyo kofin Afirka a 1990. Masaƙar UNTL ta Kaduna tana da ƙungiyarta. Akwai Leventis United a Ibadan, akwai Julius Berger a Legas. Yaro mai ƙafa yakan samu ƙungiya ta ɗauke shi, wani lokacin har da aikin yi da albashi. Idan ƙwallo ba ta karɓe shi ba, yana da abin dogaro.

A lokacin da Bompai, Sharada da Challawa suke cike da masaƙu, majemu, kamfanonin roba da na man gyaɗa, akwai masu kuɗin da za su iya ɗaukar irin wannan nauyi, akwai kuma ma'aikata masu albashi da za su sayi tikiti. Daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 zuwa matsalar wutar lantarki da kwararowar atamfa mai araha daga waje, masana'antu da dama suka rufe. Ƙungiyoyin kamfanoni suka bi su. Abin da ya rage shi ne ƙungiya ɗaya ta gwamnatin jiha a sama, da ɗimbin ƙungiyoyin unguwa a ƙasa, tsakiya kuma babu tsani.

Yau a Na'ibawa, Sheka, Unguwa Uku ko Panshekara, da asuba da kuma bayan la'asar za ka ga samari suna atisaye a filayen makarantu. Wani yana ɗaukar katako da rana, wani yana sauke lemo daga mota, wani yana aikin kwana a kamfanin leda a Sharada. Kocinsu sau da yawa ɗan sa-kai ne, shi ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa. Baiwa ba ta ƙare ba. Wanda zai bibiye ta ne ya yi ƙaranci.

Yadda ake ɗaukar 'yan wasa yanzu

Abin da aka saba gani a yawancin ƙungiyoyin gwamnati a Nijeriya shi ne, ana saura makonni a fara gasa sai a naɗa koci. Shi kuma ya san wasa biyar ko shida kawai za a ba shi kafin a fara kiran a kore shi, don haka ba zai yi kasadar sa yaro ɗan shekara 18 daga unguwa ba. Sai ya kira 'yan wasan da ya sani a tsohuwar ƙungiyarsa, a ba su kwantiragi gajere. Ranar da aka sallame shi, da yawansu su ma sai su tattara. Sabon koci ya zo da nasa. Kuɗi na fita, gini ba ya tashi.

Wata alama ita ce irin nauyin da har yanzu manyan 'yan wasa suke ɗauka. Rabi'u Ali ya haura shekara 40 yana cin ƙwallo, abin da ya cancanci yabo. Ahmed Musa da Shehu Abdullahi sun dawo gida a 2024 sun ƙara wa ƙungiyar kwarjini. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ake shiryawa ya gaje su?

Shi kansa Ahmed Musa darasi ne. Daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos ya fito, ya bi ta JUTH, ya zo Pillars yana matashi, ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya tafi VVV-Venlo ta Holan. Daga nan sai CSKA Moscow, sai Leicester City a 2016. Wani ne ya gano shi tun yana yaro, wani kuma ya yarda ya sa shi a wasa. A watan Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa shi babban manajan Pillars. Babu wanda ya fi shi sanin amfanin tsanin da ya taka.

Abin da wasu suka yi daban

A Amurka, wasan ƙwallonsu da ake ɗauka a hannu ya ginu ne a kan makarantu. Jami'o'i ne ke gasa, wasu da filayen da ke ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari, kuma rabin aikin koci shi ne zawarcin ɗaliban sakandare. Ana da bayanan kowane yaro tun kafin ya gama makaranta. Nick Saban ya ci kofin ƙasa shida da Jami'ar Alabama tsakanin 2007 da 2023, kuma sirrinsa a bayyane yake: shekara bayan shekara yana cikin waɗanda suka fi kowa samun ɗalibai masu hazaƙa. Da ya ajiye aiki a Janairun 2024 wasu 'yan wasan sun sauya sheƙa, amma ƙungiyar ba ta rushe ba, domin hanyar samo sababbi tana nan.

Ba sai an je nesa ba. Remo Stars ta garin Ikenne a Jihar Ogun, mallakin ɗan kasuwa Kunle Soname, ta gina filinta da makarantar horar da yara mai suna Beyond Limits. Ta bar Daniel Ogunmodede a kan kujera ya zo na biyu a 2023, ya sake zuwa na biyu a 2024, sannan ya ci kofin a 2025. A wasu wuraren da tuni an sallame shi tun a karo na farko.

Kano ma tana da harsashi. Gasar kofin Ramat ta yara, wadda ƙungiyar YSFON ke shiryawa don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, a Kano ake yin ta. Akwai wasannin jami'o'i na NUGA da na kwalejojin fasaha na NIPOGA. Matsalar ita ce idan an raba kofi an watse, babu igiyar da ta ɗaure waɗannan gasanni da manyan ƙungiyoyi.

Kuɗin da ake bari a ƙasa

Wannan magana ba ta kishin gida ba ce kawai, akwai kuɗi a cikinta. A dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa tsakanin ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin don ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23.

A ɗauki misali: an sayar da ɗan wasa dala miliyan 10. Dala dubu 500 na masu rainonsa ne. Ƙungiyar da ta riƙe shi daga shekara 12 zuwa 15 kaɗai za ta samu dala dubu 100. Wannan ya isa ya sauya rayuwar ƙaramar ƙungiya a Na'ibawa.

Sai dai akwai sharaɗi. Tun daga Nuwamban 2022 FIFA ta buɗe cibiyar da ke biyan irin waɗannan kuɗaɗe ta hanyar bin tarihin rajistar ɗan wasa a kwamfuta. Idan ƙungiyar ba ta da rajista da hukumar ƙwallo, ko ba a shigar da sunan yaron a ƙarƙashinta ba, babu hujjar da za ta kafa. Kocin da ya yi shekaru yana wahala da yaro sai ya gan shi a talabijin, ya tashi a tutar babu.

Rashin rajista yana kuma buɗe ƙofa ga dillalan bogi, masu karɓar kuɗin iyaye da sunan kai yaro gwaji ƙasar waje. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar FIFA ta hana cinikin yaron da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan yanayi na musamman. Duk wanda ya yi alƙawarin kai ɗan shekara 15 Turai ya sa hannu a kwantiragi, a bincike shi da kyau kafin a sayar da fili.

Hamayyar da za ta amfani Kano

A nan ne zuwan Barau FC yake da muhimmanci. Ƙungiyar ta hau babbar gasa a 2025 tare da Wikki Tourists, Warri Wolves da Kun Khalifat, ta kuma fara kakarta da Ladan Bosso, tsohon kocin Pillars wanda ya kai Flying Eagles wasan kwata fainal a gasar duniya ta matasa a 2023. Shekara da shekaru yaron Kano mai burin buga Firimiya a gida ƙofa ɗaya yake da ita. Yanzu sun zama biyu.

Hamayyar tana iya bin ɗaya daga hanya biyu. Ta farko, ƙungiyoyin su riƙa musayar koci da tsofaffin 'yan wasa, kowa na neman sakamakon gaggawa don faranta wa mai gida. Wannan haɗari ne na gaske, domin ɗaya ta dogara da baitulmalin gwamnati, ɗaya kuma da aljihun ɗan siyasa, kuma dukansu biyu suna iya sauyawa da zaɓe.

Hanya ta biyu ita ce su yi tsere wajen neman yara. Kowacce ta ɗauki masu farautar 'yan wasa na dindindin waɗanda aikinsu bai rataya a wuyan koci ba. Ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da ƙungiyoyin unguwa, ta taimaka musu da rajista, ta ba su kasonsu idan an yi ciniki. Ta riƙe ƙungiyar matasa mai buga wasa duk mako, tare da sharaɗin zuwa makaranta ko koyon sana'a. Kamfanonin da suka rage a Sharada, Challawa da Bompai ba lallai su iya riƙe ƙungiyar Firimiya ba, amma ɗaukar nauyin gasar yara ta unguwanni bai fi ƙarfinsu ba, kuma 'ya'yan ma'aikatansu ne za su buga.

Koci yana da tasiri, babu musu, kuma akwai lokacin da sauya shi ya zama dole. Amma magoya baya ma suna da nasu alhakin. Makin da aka kwashe a 2022 da 2025 ba koci ne ya zubar da su ba.

Saboda haka idan an zauna a majalisa ana lissafin wa ya fi wani tsakanin Pillars da Barau FC, a ƙara tambaya ɗaya a kan ta teburin gasa: yara nawa 'yan ƙasa da shekara 20 kowacce ta sa a wasa a bana, kuma daga wace unguwa ta samo su? Ƙungiyar da ke da amsa mai kyau ita ce za ta riƙe Kano nan gaba, ko wane ne yake zaune a benci.