Sunan kisa da sunan mai kisa

Ranar Juma'a 25 ga watan Afrilu na shekarar 2025, da hantsi, wani saurayi ɗan ƙasar Mali mai suna Aboubakar Cissé, ɗan shekara 22, yana cikin masallacin garin La Grand-Combe, a kudancin Faransa, inda ya saba zuwa shara kafin jama'a su taru. Wani baƙo ya iske shi, ya nuna yana son a koya masa yadda ake salla. Aboubakar na kai goshinsa ƙasa, baƙon ya zaro wuƙa ya yi ta caka masa, fiye da sau 50, sa'an nan ya ɗauki bidiyo da wayarsa yana zagin Allah a kan mutumin da rai bai gama fita daga jikinsa ba. Bayan kwana biyu da wani abu ya miƙa kansa ga ƴan sandan Italiya.

Faransa tana da ofishi na musamman a birnin Paris, wanda aka kafa a 2019, aikinsa shigar da ƙara a kan laifukan ta'addanci. Wannan ofishi ya duba al'amarin, ya ce ba huruminsa ba ne. Aka bar shari'ar a hannun masu shigar da ƙara na birnin Nîmes, da tuhumar kisan kai da gangan saboda addini ko launin fata. Hujjar da aka bayar ita ce, wanda ake tuhuma shi kaɗai ya yi aikinsa, babu wata ƙungiya a bayansa, kuma abin da ya iza shi ƙishirwar zubar da jini ce da ta mamaye masa zuciya, ba wata aƙida ba.

Wannan hujja ba ta da ƙafar tsayawa, kuma kundin dokokin Faransa ne da kansa ya fara karya ta. Aya ta 421-1 ta dokar hukunta laifuka ta ce ta'addanci shi ne aikin da aka yi da nufin girgiza zaman lafiyar jama'a ta hanyar tsoratarwa ko firgitarwa, ko da na taro ne ko na mutum guda. Kaɗaici bai taɓa wanke kowa ba. Wanda ya kashe malamin makaranta Samuel Paty a watan Oktoba na 2020 shi kaɗai ya riƙe wuƙa. Wanda ya kashe mutum uku a babbar majami'ar Nice, kwana goma sha uku bayan haka, shi ma shi kaɗai ya shiga. A duka biyun ofishin na Paris bai jira gari ya waye ba ya karɓi binciken, kuma daidai ya yi. Haka nan a 2016, da aka yanka limamin Kirista Jacques Hamel yana cikin ibada a Saint-Étienne-du-Rouvray, babu wanda ya nemi a dakata sai likitocin ƙwaƙwalwa sun auna hankalin maharan kafin a furta kalmar. Ɗakin ibada ne a can, ɗakin ibada ne a nan; wuƙa ce a can, wuƙa ce a nan; mai ibada ne aka kashe yana tsakiyar ibadarsa. To, me ya bambanta?

Amsar tana da ɗaci, amma a fili take: sunan mai kisan ne. In Musulmi ne ya ɗaga hannu, akan fara da zargin aƙida, daga baya a duba lafiyar hankalinsa. In Musulmi ne ya kwanta cikin jini, akan fara da lafiyar hankalin maharin, da ƙuruciyarsa, da kaɗaicinsa, sai in hujja ta yi yawan da ba ta ɓoyuwa a ambaci aƙida. A watan Oktoba na 2019 wani tsoho ɗan shekara 84, wanda ya taɓa tsayawa takara ƙarƙashin jam'iyyar Front National, ya yi yunƙurin cinna wa masallacin Bayonne wuta, ya harbi dattawa biyu. Wannan ma ofishin ya ce ba ta'addanci ba ne.

Ba Faransa kaɗai ke da wannan awo biyu ba. A Amurka, ranar 10 ga Fabrairu 2015, wani mutum ya harbe maƙwabtansa uku a Chapel Hill: Deah Barakat, da amaryarsa Yusor Abu-Salha, da ƙanwarta Razan. Bayanin farko da ƴan sanda suka fitar shi ne, rigima ce a kan wurin ajiye mota. Iyaye suka shafe shekara huɗu suna faman a yarda cewa ɗankwalin da ke kan ƴaƴansu yana cikin dalilin mutuwarsu. A can ma kalmar ƙiyayya kanta sai da aka yi ta roƙonta, balle ta'addanci. A Kanada, ranar 29 ga Janairu 2017, an kashe mutum shida a babban masallacin birnin Québec, biyu daga cikinsu ƴan asalin ƙasar Gini. Firaminista Justin Trudeau ya kira abin ta'addanci a gaban majalisa, amma da aka zo kotu, babu tuhumar ta'addanci ko ɗaya a takarda.

Akwai masu cewa wannan gardama ce ta banza. Kisan kai da gangan ai ɗaurin rai da rai ne hukuncinsa a Faransa, ko da wane suna aka kira shi; me mamaci zai ƙaru da shi? Masu wannan magana sun ɗauka suna ado ne da ake rataya wa shari'a bayan an gama ta, alhali suna ne ke buɗe ƙofar binciken tun daga farko. In aka ce ta'addanci, jami'an leƙen asiri na cikin gida ne ke shigowa, ana iya tsare mutum har awa 96 ana yi masa tambayoyi, ana tona waɗanda ya yi hulɗa da su, da abin da yake karantawa, da waɗanda suka cusa masa ra'ayi, kuma kotu ta musamman ce ta ƙwararrun alƙalai ke zama. In aka ce ƙiyayya, an mai da cutar cikin ƙirjin mutum ɗaya, an rufe. Ba a tambayar wa ya shuka ta, ba a tambayar wane gidan talabijin ko wane ɗan siyasa ya yi ta yi mata ban ruwa. Mai neman maciji da ya tsaya a bakin rami ba zai taɓa sanin ƙwai nawa ke ciki ba.

Bayan haka akwai abin da ya fi bincike nauyi. Ma'anar ta'addanci ita ce an kashe mutum ɗaya don a tsorata dubu. Duk hukumar da ta furta kalmar ta amsa ke nan cewa akwai dubun, kuma tsoronsu ya shafi ƙasa baki ɗaya. Faransa ta keɓe ranar 11 ga Maris ta kowace shekara don tunawa da waɗanda ta'addanci ya ci. Wanda aka hana wa sunan an hana shi shiga wannan sahu. Miliyoyin Musulmin Faransa da suka je masallaci Juma'ar da ta biyo baya suna waiwaye a cikin sujada, an gaya musu a fakaice cewa firgicinsu lamarinsu ne, bai kai matsayin girgiza zaman lafiyar jama'a ba. Ko shirun minti ɗaya da majalisar dokoki ta yi wa Aboubakar sai da aka yi ja-in-ja a kansa.

Ƙin yarda mafi ƙarfi daga cikin Musulmi yake fitowa, kuma ya cancanci a saurare shi. Suna cewa kalmar ta'addanci sanda ce a hannun hukuma, tun 2001 kuwa bayan Musulmi ta fi sauka. Neman a faɗaɗa ta kamar mutum ne ya ƙara wa sandar dukansa kauri. Gaskiya ne dokokin yaƙi da ta'addanci sun ci haƙƙin bayin Allah da yawa. Amma wannan dalili ne na a taƙaita dokar ga kowa da kowa. Muddin tana nan tana aiki, barinta ta zama ta mutanen addini ɗaya kawai shi ne mafi munin hali, domin daga nan ne kalmar ke rikiɗa daga sunan aiki ta koma sunan al'umma.

Malaman makaranta da masu fassara labarai cikin Hausa suna da rabonsu a nan. Asalin kalmar ta'adda ƙetare iyaka ne, ba ta da gemu ba ta da rawani. Amma yaro ɗan aji shida a Maraɗi ko Damagaram, in aka ce ya kwatanta ɗan ta'adda, da wuya ya kwatanta Bature, saboda labaran da ke shiga kunnensa an riga an raba musu suna tun daga inda suka fito, mai fassara kuma ya ɗauko yadda ya samu. Ranar 21 ga Maris 2025, mako biyar cif kafin kisan La Grand-Combe, ƴan bindiga sun kewaye masallacin Fambita a ƙaramar hukumar Kokoru, jihar Tillaberi, ana sallar Juma'a, suka kashe mutum 44. Duniya ba ta yi jinkirin kiran abin ta'addanci ba, kuma shi ne. Musulmi ne a sujada a Fambita, Musulmi ne a sujada a La Grand-Combe. Ashe kisan Musulmi a masallaci yana samun sunansa nan take, in dai wanda ya kashe shi ma Musulunci yake iƙirari.

Ba wai kotuna ba za su iya ba ne. Ƙasar New Zealand ta tuhumi wanda ya kashe mutum 51 a masallatai biyu na Christchurch a 2019 da laifin ta'addanci, ta ɗaure shi rai da rai ba sassauci, shi ma kuwa shi kaɗai ya yi aikinsa. A Kanada, wata alƙaliya ta yanke a watan Fabrairu na 2024 cewa take mutum huɗu na iyalin Afzaal da mota a birnin London na lardin Ontario, a 2021, ta'addanci ne. Ita kanta Faransa, da aka harbe wani wanzami ɗan Tunisiya mai suna Hichem Miraoui a Puget-sur-Argens ranar 31 ga Mayu 2025, ofishin na Paris ya karɓi shari'ar, karo na farko tun kafuwarsa da ya yi haka a kan kisan da ake dangantawa da masu tsattsauran ra'ayin wariyar launi. Wanda aka tuhuma a nan shi ma mutum guda ne, shi ma ya yaɗa bidiyo. Mako biyar ne tsakanin kisan biyu, dokar ba ta canza ko da harafi ɗaya ba. Lauyoyin iyalin Aboubakar Cissé sun nemi a sake wa tuhumar suna, an kuma kai gawarsa gida Mali a watan Mayu na 2025, aka yi mata sutura a Bamako.