Labarin zuciya a tambayi fuska: to, idan fuskar ta aro ce fa?

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Sun faɗi haka ne a zamanin da kowane mutum fuska ɗaya gare shi, wadda ya kwana da ita, ya tashi da ita, ya je kasuwa da ita. Yau kuwa duk mai wayar salula fuska biyu gare shi: wadda Allah ya ba shi, da wadda waya ta ba shi. Ta farko tana shan zafin bazara da ƙurar hunturu. Ta biyu ba ta gumi, ba ta ƙuraje, ba ta tsufa, kuma kullum tana jingine da wata mota da ba a taɓa ganin mai fuskar ya tuƙa ba. Da wannan fuska ta biyu ake neman suna, da ita ake neman aure, tun daga Yamai har Damagaram. Abin akwai ban dariya, amma dariya ce mai tsada, kuma iyayen yara, ƴan kasuwa da ma'aikata, su ne galibi ke biyan kuɗinta.

Dattawa ba su manta da yadda ake zuwa zance ba. Saurayi ya yi wanka, ya sa rigarsa ta salla, ya ɗauki abokinsa, su taka har ƙofar gidan su yarinya. Ya tsaya nesa kaɗan, ya aiki yaro a ce ana sallama da wance. Kafin ta fito, mai shayi ya gan shi, tsohuwar da ke tuyar ƙosai ta ƙare masa kallo, wan yarinyar ya gifta sau uku yana gyaran murya. In an shimfiɗa tabarma, ƙanwarta ta zauna a gefe kamar jandarma a bakin shinge. Wanda ya tafi ci-rani Abijan ko Lome sai ya nemi ɗan lakwal ya rubuta masa wasiƙa, ko ya cika kaset da magana ya ba direba, ko ya aika gaisuwa a Muryar Sahel, ƙasa duka ta ji. Wahala ce, babu musu. Amma a kowane taki akwai shaida. Kafin a kai goro an san uban saurayi, an san sana'arsa, an san ko yana biyan bashi.

A shekarar 2001 kamfanin Celtel ya buɗe layinsa a Nijar. Ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya zama Zamani. Tun da kamfanoni ma suna sauya suna, ba abin mamaki ba ne idan saurayi ya zama mai suna uku. Farkon abin da talaka ya ƙware a kai shi ne bip: ka kira, waya ta yi ƙara ɗaya, ka katse. Bip ɗaya gaisuwa ce, biyu kewa ce, uku kuwa ma'anarsa mai kredi ya kira. Daga baya WhatsApp ya zo, kuma da ya kawo saƙon murya a 2013 sai ɗan lakwal mai rubuta wasiƙa ya rasa kasuwa, domin wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba yana iya zuba kalamai na minti bakwai ba tare da kowa ya ji sirrinsa ba. A 2014 aka ƙaro alamu biyu masu launin shuɗi, masu tona cewa an karanta saƙo. Tun daga ranar aka sami sabon laifi a soyayya, wanda kakanni ba su san shi ba: laifin gani a yi shiru.

Sai dai wannan soyayya tana da iyayen gida uku da ba sa jin roƙo: kuran, rezo da mega. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke korar mutane daga ɗaki, kuran yakan ɗauke daidai sa'ad da saurayi ya kai ga kalmar da ya kwana uku yana shiryawa. Ga shi can layi wurin mai caji, wayarsa a cikin wayoyi hamsin, zuciyarsa na dukan uku-uku kada wani ya riga shi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar daga watan Agusta har zuwa Maris na 2024, asibitoci da masu sana'a sun sha wuyar da ba ta wasa ba. Amma a fada, wurin shan shayi, kukan da ya fi tashi shi ne batir ya mutu. Rezo kuma sarki ne mai mulkin kama-karya. A ƙauye an san tudun da ake hawa a same shi, a birni an san kusurwar gidan da ake tsayawa da ƙafa ɗaya. Mega kuwa ita ce sabon toshi. A da saurayi yakan kai turare da sabulu, a gani, a sa albarka. Yanzu yakan tura mega ta jika guda, kuma babu mai ba shi tabbacin cewa ba da wani za a ƙarar da ita ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa cutar ta yara ce kawai. Ga Alhaji a cikin shagonsa a babbar kasuwa, mutumin da ba a taɓa cutar sa dala ɗaya a cinikin atamfa ba, wanda ba ya sayen buhun gero sai ya zura hannu har gwiwa ya ga na ƙasa. Shi ne yau ke aika kuɗin mota sau uku ga wata kyakkyawa da bai taɓa gani ba, kullum tana hanya, kullum mota ta lalace a Birnin Ƙonni. Ranar da gaskiya ta fito, sai a tarar kyakkyawar gemu gare ta. Ga kuma ma'aikaci a buro, dosiyen wani bawan Allah da ya taso tun daga Tasawa na kwance a gabansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murmushi shi kaɗai, yana tambayar wata a karo na huɗu ko ta ci abinci. A shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, ma'aikaci yana da hujjar barin aiki ya jira. Yau aikin ne ke jiran ma'aikaci ya gama hira.

Batun suna ma haka yake. Ƙasar nan ta san abin da ake kira suna. Tun 1975, da aka fara kokawar takobi a Tawa, sunayen Kantu na Maraɗi, Kadade na Tawa, Salma Ɗan Rani na Doso da Langa-Langa na Damagaram suka shiga kowane gida. Yaya suka same shi? A fili, a tsakiyar rairayi, gaban dubban idanu, inda ba a iya aron ƙirji ko damtse. Wanda aka kayar kowa ya gani, wanda ya kayar kowa ya gani. Makaɗi ba ya yi wa mutum kirari sai ya san abin da ya aikata, ko aƙalla abin da ya bayar. Malami ya yi suna da karatunsa, attajiri da cika alkawarinsa, ungozoma da hannunta.

A TikTok kuwa suna ba ya bukatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya isa mutum ya iya motsa baki a kan waƙar wani, ko ya zagi wanda ya fi shi, ko ya yi kuka a gaban waya, ya share hawaye, ya duba mutum nawa suka kalla. Sai ka ga yaro mai mabiya dubu ɗari, wanda ake roƙon ɗaukar hoto da shi a gidan biki, da yamma yana lallashin ɗan kabu-kabu ya kai shi gida bashi. Mai gidan haya ba ya karɓar mabiya, mai tuwo ba ta san su ba. Kuma da yake suna irin wannan kamar wutar kara yake, dole gobe a ƙara abin da ya fi na jiya muni, domin masu kallo ba sa dariya sau biyu a kan abu ɗaya. Daga rawa a koma habaici, daga habaici a koma tonon silili.

A nan ne dariya ke ƙarewa. Yarinyar da ta tura hotonta ga wanda ya rantse zai aure ta, ranar da suka ɓata sai hoton ya zaga gari kafin la'asar, kuma abin da ya shiga waya ba ya fita, ko an goge shi sau dubu. Shi saurayin ya sauya lamba, ya ci gaba da shan shayinsa; ita da uwarta ne ke kasa zuwa suna da biki. Akwai auren da ya mutu saboda saƙon murya ɗaya da ya ɓata hanya. Akwai magidancin da ake tatsa wata da watanni don kada a nuna wa iyalinsa abin da ya faɗa da tsakar dare. Akwai amaryar da sai bayan an kai ta ɗaki ta gane cewa motar ta maƙwabci ce, aikin kuma na baki ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa an riga an ci sadaki, an raba goro.

Me hukuma ke da shi na magani? Abu uku aka gwada, a nan da maƙwabta. Na farko almakashi: a watan Fabrairun 2021, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet na wayoyi har kwana goma. Dalilin na siyasa ne, amma darasin ya shafi kowa: ciniki ya tsaya, saƙon ƴan ci-rani ya katse, da aka maido layi kuma ba wanda ya sake hali. Na biyu doka: an kafa dokar laifukan intanet a 2019, aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi a 2022, aka maido shi a 2024. Doka tana da amfani idan ta tsaya wa yarinyar da aka tozarta. Amma duk wanda ya san tarihin ƙasar nan tun Babban Taron Ƙasa na 1991 ya san cewa irin wannan sanda ta fi saurin sauka a kan mai sukar manya fiye da mai cin amanar ƙanana. Na uku bulala da ɗaurin aure: a Kano, inda samarin Maraɗi ke kwaikwayon rabin abin da suke yi a waya, kotu ta sa an yi wa wasu ƴan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin a 2022 saboda sun taɓa gwamna. A 2025 wata kotun ta umarci Hisba ta aurar da wasu biyu cikin kwana 60; daga bisani aka fasa, da ta bayyana cewa soyayyar ta gaban waya ce kawai. Ashe har alƙali fuskar aro tana iya ruɗa shi.

Adalci ya sa a faɗi alherin waya. Matan da ke cikin gida suna sayar da turaren wuta da kayan ɗinki ba tare da sun taka ƙofa ba. Ɗan kasuwa yana sanin farashin albasa a Galmi kafin ya ɗora kaya. Bazawarar da gari ya manta da ita ta sami mijin kirki ta wannan hanya, kuma akwai matasa masu basira ta gaske waɗanda da can ba wanda zai buɗe musu ƙofar rediyo. Laifin ba na waya ba ne. Abin da ya ɓace shi ne shaida. Waya ta kawar da mai shayi, da tsohuwa mai ƙosai, da ƙanwa a gefen tabarma, ba ta kawo kowa a madadinsu ba.

Saboda haka maganin yana gida, kuma ba ya cin ko dala. A haɗu a waya in an so, zamani riga ne; amma a ƙarasa a zaure. Wanda ya ce yana so, ya zo da ƙafarsa, da rana, da fuskar da aka haife shi da ita, ya gaida uba, a tambayi unguwarsu, a tambayi wurin aikinsa, a tambayi wanda ya taɓa ba shi bashi. Uban da ya saya wa ɗiyarsa waya ta jika ɗari, ya ƙara mata da abin da ya fi wayar daraja: sanin cewa ko ta yi kuskure za ta iya faɗa masa kafin ta faɗa hannun mai tatsa. Uwa ta daina auna siriki da hoton mota. Alhaji ya yi wa zuciyarsa irin binciken da yake yi wa buhun gero. Ma'aikaci ya kife wayar a kan tebur har mutumin Tasawa ya sami sa hannunsa. Masu kallo kuma su tuna cewa su ne makaɗan wannan zamani: duk wanda suka tafa wa, shi suka naɗa, kuma ƙasar da ke naɗa mai zagi kada ta yi mamaki idan ƴaƴanta suka ɗauki zagi sana'a.

Karin maganar magabata ba ta tsufa ba, ƙari kawai take bukata. Labarin zuciya a tambayi fuska. Labarin fuska kuwa, a wannan zamani, a tambayi maƙwabta. Allah ya sa a gane kafin a kai goro.