Awa Shida a Rigingine: Al'ada Ce, Ba Dole Ba

Idan likita zai gyara rikicewar bugun zuciya ba tare da ya tsaga ƙirji ba, yakan huda babbar jijiyar matsematsi mai mayar da jini zuwa zuciya, ya zura siraran bututu ta cikinta. Dabarar hudar ta samo asali ne daga Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin a 1953. Aikin cikin zuciya ya ci gaba ƙwarai tun daga lokacin, amma a asibitoci da dama rufe ƙofar da aka shiga ta ita yana nan jiya i yau: a danne wurin da hannu, sannan a umarci majiyyaci ya kwanta rigingine awa huɗu zuwa shida, kada ya lanƙwasa ƙafa.

Wanda bai taɓa wannan kwanciya ba zai ɗauka hutu ce. Baya na ciwo, fitsari ya ƙi fita, wani har sai an sa masa robar fitsari. Masu kare tsarin suna cewa an ba majiyyaci maganin tsinka jini, don haka a ji tsoron zubarsa. Tsoron yana da tushe, amma akwai mafita. A gwajin AMBULATE da aka yi a Amurka, na'urar toshe huda mai suna VASCADE MVP ta rage lokacin jiran tashi daga kusan awa shida zuwa ƙasa da uku.

Sai dai kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Kamfanin na'urar ne ya ɗauki nauyin gwajin, kuma da dannar hannu aka gwada ta, ba da abokin hamayyarta na gaskiya ba: ɗinki guda mai siffar lamba 8, wanda ke tattaro naman da ke saman jijiyar ya matse hudar, a warware shi bayan 'yan sa'o'i. Ƙarfin gudun jini a wannan jijiya kaɗan ne, shi ya sa zare da allura sukan wadatar.

A ƙasashe irin namu, inda majiyyaci ke biya daga aljihunsa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Asibitin da ya kasa sayen na'ura ba shi da uzurin kasa koyar da ɗinki. Kafin ka sa hannu a takardar amincewa, tambayi likitanka: da me za a rufe hudar, kuma yaushe zan miƙe?