Waken suya: binciken ƙwayoyin gado ya yi nisa, amma irin bai iso gonakin Nijar ba

Abubuwa biyu da suka faru a shekarar 2025 sun nuna matsayin da waken suya ya kai a siyasar duniya. Na farko, ƙasar Sin, wadda ke sayo kimanin ton miliyan 100 na wannan wake daga waje a kowace shekara, ta yi watanni ba ta sayi na Amurka ba saboda rikicin haraji da gwamnatin Donald Trump, ta koma ga Birazil da Ajantina. Sai da shugabannin ƙasashen biyu suka gana a Koriya ta Kudu a ƙarshen watan Oktoba kafin cinikin ya fara farfaɗowa.

Na biyu bai ja hankalin jama'a sosai ba, amma ya fi shafar Afirka. Bayan da aka tsayar da ayyukan hukumar USAID, cibiyar Soybean Innovation Lab ta Jami'ar Illinois, wadda ta shafe sama da shekaru 10 tana gwajin ire-iren waken suya a ƙasashen Afirka, ta sanar da cewa za ta rufe a watan Afrilu. Wani mai hannu da shuni da bai bayyana sunansa ba ne ya ba da kimanin dala miliyan 1 domin a ci gaba da wani ɓangare na aikin na tsawon shekara guda.

Nijar ba ta cikin manyan masu noman waken suya, amma tana cikin masu cinsa. Awara ta zama abincin yau da kullum a Maraɗi, Damagaram, Tawa da unguwannin Yamai, kuma sana'a ce da mata da yawa ke riƙe gida da ita. Masu gidajen kaji su ma ba su da abin da ya fi wannan wake wajen haɗa abincin kajinsu, tun da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, kashi 20 kuma mai. Mafi yawan waken daga maƙwabta yake shigowa, musamman Najeriya. An ga illar hakan lokacin da aka rufe iyaka daga watan Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Ita ma Benin ta hana fitar da ɗanyen waken suya a watan Afrilun 2024 domin ta wadata masana'antunta. Tambayar ita ce ko ilimin da aka tara a kan wannan tsiro zai taimaki Nijar ta noma wani kaso na abin da take ci.

Abin da masana suka karanto

A watan Janairun 2010 ne mujallar Nature ta wallafa cikakken kundin gado na waken suya, aikin da masana na Amurka suka jagoranta a kan wani iri mai suna Williams 82. Kundin gado shi ne dukkan umarnin da ke rubuce a cikin ADN na halitta, wanda take gada daga iyayenta. Na waken suya ya ƙunshi haruffa kimanin miliyar 1.1, a rarrabe cikin ƙunshi 20 masu zuwa bibbiyu, kuma an lissafa ƙwayoyin gado 46,430 a wannan karatun na farko. An kuma gano cewa kundin ya ninka kansa har sau biyu a tarihi, shi ya sa kusan kashi 75 cikin 100 na ƙwayoyin gadon suke da kwafi fiye da ɗaya.

Sai dai samun kundin bai wadatar ba. Kowane sashe na tsiron, saiwa, ganye, fure ko ƙwaya, yana ɗauke da kundi iri ɗaya. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki a wurin, a wane lokaci, kuma da wane ƙarfi. Kamar gida ne mai ɗakuna da yawa da aka ja wa wuta: fitilu na ko'ina, amma ba duka ake kunnawa lokaci ɗaya ba. Idan ƙwayar gado ta kunnu, tana fitar da saƙo da ake kira ARN, kuma ta hanyar ƙirga waɗannan saƙonni ne ake sanin wadda ke aiki da wadda ke kashe. Tun a 2010 aka fitar da taswirar farko ta wannan aiki a sassa daban-daban na waken suya. A 2020 kuma masana na Sin ƙarƙashin jagorancin Tian Zhixi suka haɗa cikakken kundin ire-ire 26, suka kwatanta da bayanan wasu 2,898, domin a ga abin da wani iri ke da shi wanda wani ba ya da shi.

Tsiro mai auna tsawon yini

Asalin waken suya daga Sin yake, inda yinin bazara ke da tsawo. Tun 1920 wasu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka nuna cewa wasu tsirrai, ciki har da waken suya, suna auna tsawon yini kafin su yi fure. Waken suya yana jiran yini ya gajarta. A Illinois yini na kai awa 15 a lokacin noma, don haka tsiron na samun damar girma kafin ya yi fure. A Maraɗi ko Gaya kuwa yini ba ya wuce awa 13 ko a tsakiyar damana. Idan aka kawo irin ƙasashen sanyi aka shuka a nan, sai ya yi fure tun yana ɗan ƙarami, ya tsaya gajere, ya ba da kwanso kaɗan.

Yanzu an san yadda abin ke gudana. Wata ƙwayar gado mai suna E1, wadda masana a Japan suka gano a 2012, ita ce birkin fure. Muddin tana aiki, tana danne wasu biyu, FT2a da FT5a, masu ba da umarnin yin fure. A 2017 ƙungiyar Kong Fanjiang da Liu Baohui a Sin ta bayyana aikin wata mai suna J: idan yini ya gajarta, J ce ke kashe E1, birki ya saki, fure ya fito. A ire-iren da J ta samu naƙasa, birkin na daɗewa a riƙe, tsiron ya yi tsawo da rassa kafin ya yi fure, amfanin ya ƙaru ko da yini gajere ne.

Birazil ba ta jira wannan bayani ba. Tun shekarun 1970 masu haɗa iri na hukumar Embrapa, wadda gwamnatin ƙasar ta kafa a 1973, suka lura da wannan ɗabi'a ta jinkirin fure a gona, suka shigar da ita cikin ire-irensu. Da haka noman ya tashi daga kudancin ƙasar mai sanyi ya shiga yankin Cerrado mai zafi. A yau Birazil ce ta ɗaya a duniya, tana noma sama da ton miliyan 150 a shekara. Abin da binciken ƙwayoyin gado ya ƙara shi ne sauri. A da sai an shuka an jira a ga wanne zai yi jinkirin fure. Yanzu da ɗan yankin ganye ana iya gwadawa a ɗakin bincike a san tsiron da ke ɗauke da siffar.

Kwanson da ke fashewa da hunturu

Matsala ta biyu duk manomin wake ya san ta. Idan kwanso ya bushe, iska ta yi ƙarfi, sai ya fashe ƙwayar ta zube a ƙasa. A yankinmu lokacin kaka na haɗuwa da shigowar busasshiyar iskar hunturu, kuma manomi kan fara da gero da dawa kafin ya waiwayi sauran amfanin gona. Jinkirin ƴan kwanaki na iya cinye babban kaso na abin da aka noma.

A 2014 aka gano ƙwayoyin gado biyu da ke da hannu a wannan. Masana a Japan sun nuna cewa Pdh1 ce ke sa ɓawon kwanso ya murɗe idan danshi ya yi ƙasa, kuma ire-iren da ta daina aiki a cikinsu sun fi jure bushewa. Masana a Sin kuma suka gano SHAT1-5, wadda a waken gida take aiki da ƙarfin da ya ninka na waken daji sau 15, tana ƙarfafa ɗinkin kwanson. Wannan misali ne na yadda ƙarfin kunnuwar ƙwayar gado ɗaya ke raba tsiron daji da na gona.

A nan ne rufe asusun USAID ya yi ciwo. A ƙarƙashin cibiyar Illinois, masana daga Missouri sun yi aiki da cibiyar binciken noma ta SARI da ke arewacin Ghana, inda suka samar da gwajin gano Pdh1 kuma suka gwada ire-ire masu jinkirin fure a gonakin yankin. Yanayin arewacin Ghana ya fi kusa da na Gaya fiye da na Amurka ko Sin. Irin wannan aiki ne ke maida abin da aka wallafa a mujalla ya zama irin da manomi zai saya, kuma shi ne ya dogara da kuɗin waje.

Taki daga iska

Waken suya, kamar waken gida da gyaɗa, yana haɗa kai da wasu ƙananan halittu na cikin ƙasa da ake kira rizobiyom. Suna yin ƙulalai a saiwarsa, suna ɗauko sinadarin azot daga iska suna ba shi. Ƙwayoyin gadon tsiron ne ke tantance wane rizobiyom zai karɓa da kuma yawan ƙulalan da zai yi. Cibiyar IITA ta Ibadan ta daɗe da fitar da ire-iren TGx waɗanda ke iya haɗa kai da rizobiyom ɗin da ke ƙasar Afirka, irin su TGx 1448-2E da manoman Najeriya suka sani. A Birazil, Mariangela Hungria ta Embrapa ta samu babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 2025 saboda aikinta a wannan fanni, wanda ya rage wa manoman ƙasarta dogaro da takin azot. Ga ƙasar da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shin wannan OGM ne?

Jama'a da dama na jin maganar ƙwayoyin gado sai su tuna OGM. Ya kamata a raba abubuwa uku. Akwai zaɓen iri ta hanyar gwajin ADN, inda ake aurar da tsirrai kamar yadda aka saba, gwajin ya taimaka wajen zaɓen ƴaƴan da suka gaji siffar da ake nema. Wannan ba OGM ba ne, kuma shi ya shafi J da Pdh1. Akwai OGM, inda ake ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta a saka, kamar waken suya HB4 na Ajantina da aka sa wa ta furen rana domin jure fari, ko waken SAMPEA 20-T da Najeriya ta fitar a 2019. Sai kuma gyaran ƙwayar gadon tsiron da kansa, wanda Sin ta ba wa izinin farko a 2023 a kan wani waken suya mai ingantaccen mai. Na biyu da na uku na buƙatar doka, sa ido da muhawara a fili, musamman kan wanda zai mallaki irin. Na farko kuwa babu abin da ya hana a fara shi yanzu.

Abin da ya rage wa Nijar

Bai kamata a yaudari manoma ba. Waken suya bai kai waken gida jure fari ba, zafi mai tsanani a lokacin fure na rage amfaninsa, kuma babu ƙwayar gado ɗaya da za ta maye gurbin ruwan sama. Ba zai yi a Tanut ko Abalak ba. Wuraren da ke da dama su ne Gaya, inda ruwan shekara kan kai milimita 800, da kudancin Madarumfa da Magarya, da kuma filayen noman rani. Ko a Najeriya amfanin hekta bai cika wuce ton 1 ba, alhali a Birazil da Amurka ya haura ton 3.

Duk da haka akwai matakan da ba su fi ƙarfin ƙasar ba. Bayanan kundin gadon a buɗe suke a intanet, kyauta. Nijar na da cibiyar INRAN tun 1975 da rassanta a Maraɗi da sauran jihohi, tana da Jami'ar Abdou Moumouni da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ga cibiyar ICRISAT a Sadore. Abin da ake buƙata shi ne a karɓo ire-ire daga IITA da maƙwabta, a tantance masu jinkirin fure daidai gwargwado da masu kwanso mai ƙarfi, a gwada su damana uku ko huɗu a jere a wurare daban-daban, sannan a ba masu ninka iri. A sa mata masu awara cikin masu tantancewa, domin su suka san waken da ke ba da madara da wanda ba ya bayarwa.

Ribar ba za ta tsaya ga waken suya ba. An karanta kundin gadon gero a 2017, na waken gida a 2019, kuma Nijar ce ta biyu a duniya wajen noman waken gida bayan Najeriya. Ɗakin bincike ɗaya da ƙwararrun da aka horar za su yi wa dukkan waɗannan aiki.

Hukumomi na yawan maganar cin gashin kai ta fannin abinci. Abin da ya faru da cibiyar Illinois ya nuna cewa aikin da ya rataya ga kasafin wata ƙasa na iya tsayawa da sa hannun mutum ɗaya. Birazil ta amfana da ilimin waje ne saboda tana da masu haɗa irinta da take biya daga baitulmalinta shekara da shekaru. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Za a gane ko da gaske ake idan aka duba abin da kasafin kuɗi mai zuwa ya ware wa INRAN da jami'o'in ƙasar.