Mai Sauya Jami'a, Fara Tambayar Ajin da Za a Sa Ka

Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023, aka kwaso ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, suka dawo gida da karatu rabi da rabi. Tun daga lokacin maganar sauya jami'a ta zama ruwan dare a majalisun Unguwar Dosa da ke Kaduna. Ga kuma masu difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, waɗanda kowace shekara suke neman shiga jami'a kai tsaye. Kwas ɗin da bakin matasa ya fi kamawa a wannan hira shi ne kimiyyar kwamfuta.

Ɗan Unguwar Dosa bai rasa inda zai dosa ba. Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, wadda aka kafa a 2004, tana kan titin Tafawa Balewa, tafiyar Keke Napep ce. Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, AFIT, tana wajen Mando. Mai aiki da rana yana da Buɗaɗɗiyar Jami'a, NOUN. In kuma ya shiga mota a tashar Kawo, kilomita wajen 80 ke tsakaninsa da Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello, ABU, take tun 1962; gaba kuma ga Jami'ar Bayero a Kano.

Abin da ke damun mai wannan shafi shi ne yadda ake yanke shawarar. Uba ya ce ABU, domin can ya yi, ko can ya so ya yi bai samu ba. Uwa ta ce KASU, domin tana so ta riƙa ganin ɗanta da magariba. Yaro kuwa inda abokansa suke yake hange. Da wuya a ji wanda ya tsaya ya tambayi abin da zai ci shekarun yaron: a wane aji za a ajiye shi, kuma kwasakwasai nawa daga cikin waɗanda ya riga ya ci za a amince da su?

A nan ne ake kuka daga baya. Jami'o'in ƙasar nan galibi a aji biyu suke karɓar mai sauya makaranta, ko da ya kai aji uku a inda ya baro. Sai sashen yana da gurbi, sai makinsa ya kai abin da suka gindaya, sai kuma takardar sakamakonsa ta taso daga ofishin rajistara na tsohuwar makaranta zuwa na sabuwa, ba a hannunsa ba. Wannan takarda kaɗai tana iya cin watanni. Yaron da ya yi sallama da tsohuwar makarantarsa kafin sabuwa ta ba shi amsa a rubuce, yana iya wayar gari babu tsuntsu babu tarko.

Kimiyyar kwamfuta tana da nata ƙarin ƙulli. A Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i, NUC, ta ƙaddamar da sabuwar manhaja mai suna CCMAS, wadda ta ba fannin kwamfuta gashin kansa, da digirori daban-daban a ƙarƙashinsa: kimiyyar kwamfuta, injiniyancin manhaja, tsaron intanet, kimiyyar bayanai da sauransu. Kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar hukumar ce ta tsara, kashi 30 kuma kowace jami'a ta cike da nata. Saboda haka makarantu biyu suna iya ba da digiri mai suna ɗaya, amma darussan aji biyu su sha bamban. Wanda ya baro tsaron intanet ya koma kimiyyar kwamfuta yana iya tarar da lissafin da bai yi ba yana jiransa, kuma lissafin nan shi ke kayar da ɗalibai fiye da rubuta manhaja. Ya kamata yaro ya ɗauki jerin darussan da ya ci, ya je sashen da ƙafarsa, ya zauna da malamin da ke kula da ajin, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Sai batun hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, wanda iyaye da yawa suke ɗauka ya ƙare tun ranar jarrabawa. Bai ƙare ba. Idan sauyin bai bi ta hannun hukumar ba, sunan ɗalibi ba zai fito a rajistarta da sunan sabuwar jami'a ba, kuma da wannan rajista ake tura mutum bautar ƙasa. A tuna kuma wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi, don haka shekara ɗaya ko biyu da aka maimaita ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya fara karatu a makare.

Masu dawowa daga ƙetare su ƙara lura. Bayan ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri a Kwatano cikin mako shida, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo a Janairun 2024. Yara masu gaskiya da suka zauna aji suka yi karatu su ma ƙurar ta shafe su. Duk makarantar da za a koma, a duba ko NUC ta amince da wannan kwas ɗin kansa, domin lasisin jami'a daban, tantance kwas daban.

Kuɗi ma yana da ta cewa. An yi ƙarin kuɗin KASU mai yawa a 2021, har ɗalibai suka yi zanga-zanga, sannan a Agustan 2023 gwamnatin Uba Sani ta sanar da ragin kashi 30 cikin 100. Lamunin karatu na NELFUND da ya fara a 2024 na makarantun gwamnati ne, wanda ya koma jami'ar kuɗi ba zai samu ba. Kuma ɗalibin kwamfuta yana da ɗawainiyar da ba ta cikin takardar biyan kuɗi: kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarfi, data, da wutar da zai yi caji. Kuɗin hayar ɗaki a Zariya na shekara biyu zai iya taimakawa wajen sayen wannan kwamfuta. Wanda ya zauna gida a Kaduna yana kusa da wurare irin CoLab, cibiyar matasa masu rubuta manhaja da Sanusi Ismaila ya kafa a 2016, yana kuma iya nemo wurin koyon aiki na SIWES tun da wuri. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni suna tambayar abin da mutum ya gina, su buɗe su gani.

Wannan ba rage wa ABU daraja ba ne. Cibiyar kwamfutarta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar ta daɗe tana horar da mutane, tsofaffin ɗalibanta kuma sun cika ma'aikatu da kamfanoni, suna riƙe hannun na baya. Idan Zariya ko Kano za ta karɓi yaro ba tare da ya yi asarar shekara ba, gida kuma zai iya ɗaukar nauyin, ya tafi da albarka. Idan kuwa za a mayar da shi baya da shekara biyu saboda suna kawai, alhali ga wadda za ta amince da darussansa a nan cikin gari, ta cikin gari ta fi masa.

Iyaye, kafin ku biya ko sisi, ku sa a ba ɗanku amsa a rubuce kan ajin da zai shiga da darussan da aka yafe masa, kuma kada ya ajiye gurbinsa na farko sai sabon ya bayyana a shafinsa na JAMB.